Injin Ban Ruwan Ya Kaltumi

Matan da suka sauka ɗibar ruwa da sassafe ne suka tsinci tsoho Ilyasu mai gadi kwance cikin laka a bakin kogin Komadugu, jini ya bushe masa a ƙeya. Yana numfashi, amma bai san inda yake ba. Ga tiyo shimfiɗe a gefensa, ga katakon da ake ɗora injin ban ruwa a kai, injin kuwa babu shi.

Injin na Ya Kaltumi ne, wadda mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar mata gonar tattasai da ƴaƴa biyar. Tattasan ya fara nuna. In ya yi mako bai sha ruwa ba, wahalar shekara ta tafi a banza.

Kafin hantsi mutanen Bulaguri sun gama yanke hukunci. Zailani ne, in ji su. Ɗan gudun hijira ne daga Damasak, yana zaune a Assaga, kullum yakan tako ya zo ƙodago a gonar Ya Kaltumi. Shi ke tada injin kowace safiya, yau kuma bai zo da wuri ba. Yana isowa samari suka rufar masa. Wani ya ɗaga murya ya ce dama irinsu ne ke nuna wa yaran daji, masu kai hari da bindiga, hanya. Da bulama, mai garin, ya ji wannan kalma, sai ya ja Zailani ya kulle shi a ɗakin ajiyar hatsinsa, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Na ba da wa'adi zuwa la'asar ɗin gobe," in ji bulama. "In ba a samu wani ba, zan miƙa shi ga sojoji, su bincika da kansu."

Kowa ya san wanda aka miƙa da irin wannan zargi ba ya dawowa da wuri. Ya Kaltumi ta juya ta bar wurin. Ta koma gida ta aika amalanke Diffa a ɗauko Ba Laminu mai bin sawu.

*

Ba Laminu ya haura sittin. Shekara talatin ya yi yana bin sawun raƙuma da shanun sata daga N'Guigmi har Gouré. A kan rairayi yana iya faɗa maka ko mai sawun tsoho ne ko yaro, ko ya gaji, ko tsoro yake ji. Amma da ya tsaya a bakin kogin nan, rawaninsa naɗe har hanci saboda ɗari, sai ya ji kamar an ba shi takarda da rubutun da bai iya ba.

Jama'a sun tattake saman gaɓar. Abin da ya rage ɗan zirin laka ne kusa da ruwa. Ya durƙusa ya daɗe a kansa. Mutum ɗaya ne, ba takalmi, lakar kuma ta yi taushi har yatsun sun dame. Ya hau gaɓa da sawu marar nauyi, ya sauko da sawu mai zurfi. To, wannan daidai ne, haka kowane ɓarawo yake. Amma kusa da su ga wani layin: ya sake hawa da sawu mai zurfi, ya sake saukowa da sawu mai zurfi, wannan karon da gudu.

"Ya Kaltumi, injin nawa gare ki?"

"Ɗaya, Ba Laminu. Ina na ga biyu?"

"Bayan shi an ɗauki wani abu? Buhu? Jarka?"

"Ko igiya ba a taɓa ba."

Ya sosa gemu. Mutum ya zo da kaya, ya koma da kaya. Bai taɓa ganin irin wannan sata ba. A bakin ruwan kuma ga shatar inda aka turo goshin kwalekwale, da wani siririn layi a tsakiyarta, kamar wanda ƙusa ta ja.

An kwantar da Ilyasu a zauren bulama, an naɗe masa kai. Wani dogon mutum na zaune kusa da shi yana ɗiga masa ruwa a baki. Aka ce wa Laminu Abdulwahab ne, ƙanen mijin Ya Kaltumi, wanda tun da aka raba gonakin gado suka yi cacar baki, ba sa ko gaisawa da ita.

"Ilyasu, wa ya buge ka?" Laminu ya tambaya.

Tsohon ya zuba wa rufin ɗaki ido. "Kawo shi ake yi," ya ce. "An kawo shi."

"Tun safe abin da yake ta faɗi ke nan," in ji bulama. "Kansa ya juye."

Da Zailani kuwa ta bayan ƙofa suka yi magana. Ya ce ƴarsa ce ta kwana da zazzaɓi, ya kai ta wurin likita da asuba, shi ya sa ya makara.

"Baba, injin nan da shi nake ci," ya ce, muryarsa a dishe. "In na sace shi, gobe in zo in tada me?"

*

Shekarar nan kogi ya cika ya shiga fadamu, ya yanke hanyoyin ƙasa, ya mai da wasu gonaki tsibirai. Wanda ke son bin gaɓa dole ya bi ta ruwa. Bulama ya haɗa Laminu da Abba, wani Budumu, ɗan ƙabilar masunta, mai ƙarancin magana da rikici ya koro daga tafki, wanda ke tsallakar da manoma a kwalekwalensa.

Laminu bai taɓa shiga jirgi ba. Ya zauna a tsakiya ya riƙe gefe da gefe, ruwan da ke fantsamo masa a yatsu kamar ƙanƙara. Abba ya kafa gora ya tura, suka bi ruwa zuwa gabas. Ba su yi nisa ba kogin ya rabu biyu, reshen da suka bi ya sake rabuwa, suka kutsa tsakanin itatuwan da ruwa ya cinye har wuya. Tururin sanyi na tashi a kan ruwan. Laminu, wanda ko a tsakiyar hamada bai taɓa ɓatan alƙibla ba, ya ɗaga kai ya rasa ina ne gabas.

"Wannan gaɓar tamu ce ko ta Najeriya?"

"Tamu ce," in ji Abba. Can kuma ya ce, "Waccan ma tamu ce. Ta Najeriya tana bayan ciyawar can."

Duk inda suka ga wurin da za a iya tsayar da jirgi, Laminu yakan sa a matsa ya leƙa. Sawun shanu, sawun tsuntsaye, sawun mata masu wanki. Ruwan kansa kuwa da jirgi ya wuce sai ya rufe.

A Assaga suka sauka bayan azahar. Sumayya, matar Zailani, ta fito daga bukkarsu ta tamfol goye da yarinyar, ta nuna masa katin likita mai kwanan watan ranar.

"Da dare fa? Yana gida?"

"Yana gida, Baba. Wallahi yana gida."

"Bayan ke wa ya gan shi?"

Ta girgiza kai. Wa zai gan shi a cikin irin wannan sanyin da kowa ya ƙudundune?

Wata maƙwabciya ta ce ita dai da asuba ta ga wani ya taso daga bakin kogi da kaya mai nauyi a ka. Laminu ya sa ta nuna masa wurin. Ya bi sawun a cikin yashi, inda ƙafarsa ta saba, ya ratsa bukkoki har ƙarshen sansanin. A can ya tarar da wani dattijo da buhun gawayi, yana ƙulla shi ƙananan leda.

Ya komo bakin ruwa a gajiye. Abba ya riga ya tura jirgin cikin ruwa yana jiransa. Laminu zai ɗaga ƙafa ya shiga ke nan idonsa ya faɗa kan laka. Ga shatar goshin kwalekwale, ga siririn layin nan a tsakiyarta.

Jirgin ɓarawon ya tsaya a Assaga.

Da suka koma Bulaguri gab da magariba, bulama ya tare shi a gaban mutane ya ce me ya gano. Laminu ya so ya yi shiru, amma gajiya da sanyi sun ci ƙarfinsa, ya faɗa. Kafin a idar da salla magana ta zaga gari cewa mai bin sawu ya kai sawun har ƙofar Zailani.

*

Washegari suka nufi yamma, wajen Diffa, don injin sata a kasuwar can yake ƙarewa. Yau suna gaba da ruwa ne, tafiyar ta yi nauyi. Abba ya bi ta wani reshe mai kwanciyar ruwa, suka wuce ƴan tsibiran gonaki, wasu kore shar, wasu sun yi yaushi. Laminu bai kula da su ba. Hankalinsa na kan sawun nan mai hawa da nauyi. In Zailani ne, me ya hau da shi?

Da suka iso mashigar Diffa, Laminu ya fara sauka ya tsaya yana murza gwiwoyinsa. Abba ya ja jirgin ya ɗora goshinsa a gaɓa, ya ga wurin bai yi masa ba, ya janye ya matsa gaba kaɗan. A inda ya janye, sabuwar shata ta kwanta a laka, da siririn layi a tsakiyarta.

Laminu ya ji kamar an kwara masa ruwan kogin. Ya sunkuya ya shafa ƙarƙashin jirgin. Wani faci ne na gwangwani, kan ƙusa ɗaya ya leƙo. Layin da ya gani jiya a Assaga, jirgin da ya kai shi ne ya ja shi. Sawun kansa ya yi ta bi. Kuma ya je ya faɗa a gaban jama'a.

Amma layin da ke bakin gonar Ya Kaltumi fa? Wannan ya gan shi tun kafin ya san Abba.

Ya miƙe a hankali. "Abba, shekaranjiya da dare ina jirginka ya kwana?"

Abba ya dube shi, ya dubi lakar, gorar ta kusa suɓuce masa.

"Ba Laminu, na rantse da Allah ban je ko'ina ba. A bakin gari nake ɗaure shi, gorar ma a ciki take kwana. Da safe na same shi a ƙasa da inda na bar shi, an yi masa wani ɗauri da ba nawa ba, cikinsa yana warin isansi, man inji."

"Me ya hana ka faɗi?"

"Ka ga yadda suka yi wa Zailani? Ni ma baƙo ne. In na ce jirgina ne, wa zai tsaya ya ji sauran?"

Laminu ya rasa abin da zai gaskata. Ko dai mutumin nan gaskiya yake faɗi, ko kuma kwana biyu ke nan ɓarawo ke yawo da shi a kan ruwa yana nuna masa inda ya ga dama. Ya ce masa ya biyo shi cikin gari, don ba ya son ya bar shi da jirgin.

A bayan kasuwar tattasai akwai rumfar Ɗanlami makaniki, inda duk injin ban ruwan kwarin nan ke zuwa in ya yi ciwo. Ɗanlami ya goge baƙin mai a wando ya ba su hannu. Ya san injin Ya Kaltumi sarai, ja ne, shi ya gyara shi bara. Ba wanda ya kawo shi, ba wanda ya zo tallar irinsa, kuma ya tambayi sauran masu gyara jiya da labarin ya iso.

"Mutanen gidan nan dai shekarar ba ta yi musu ba," ya ce, yana nuna wani inji da ke warwatse a kan buhu. "Ga na ƙanen mijinta nan, Abdulwahab. Yau kwana goma sha uku. Ƙarfen da ya karye sai an kawo daga Kano. Na ce masa ya nemi aro, ya ce ya zaga, kowa na tsakiyar ban ruwa. Tattasansa na tsibiri yanzu ai ya zama kara, Allah sarki."

Suka yi sallama. Rana ta riga ta karkata. Laminu ya fito ba shi da komai a hannu sai kuskuren da ya yi jiya.

*

Komawa ruwa ne ke tura su, Abba sai gyara kai kawai yake. Laminu ya yi tagumi yana kallon tsibiran da suke wucewa, yana tunanin abin da zai ce wa bulama, da abin da zai ce wa Sumayya. Suka zo daidai wata gona da ke kan wani ɗan tudu, ganyenta a miƙe, jajayen ƴaƴan na sheƙi.

"Allah ya yi wa mai wannan albarka," ya ce, don dai ya ce wani abu. "Ta wa ce?"

"Ta Abdulwahab."

Sai da suka wuce ta da tsawon jirgi uku maganar ta isa kansa.

"Tsaya. Abba, koma."

Ya hau tudun da rarrafe. Saman fangalin ya fara bushewa, amma da ya tura yatsa sai ya nutse cikin danshi. Ya bi babbar kwatar ruwan daga bakin gaɓa har ƙarshen gona. Ruwa ya gudana a cikinta da ƙarfi, ya kwantar da ciyawa gefe ɗaya, ya shiga kowane fangali, arba'in da wani abu. Ba aikin bokiti ba ne. Ganyen ƙasa sun ƙone sun zube, na sama kuma sun farfaɗo ba da daɗewa ba.

Ya zauna a bakin kwatar. Kwana biyu ke nan kansa a ɗaure, yanzu ya ji ya warware gaba ɗaya.

*

Ana kiran la'asar suka iso. Zauren bulama ya cika har waje. An fito da Zailani an zaunar da shi a tsakiya, leɓensa a kumbure. Ya Kaltumi na daga bakin ƙofa. Abdulwahab na nan inda yake jiya, kusa da tabarmar Ilyasu. Laminu ya sa Abba ya zauna gefen Zailani, mutane suka fara gunaguni.

"Da farko ina neman gafarar wannan bawan Allah," in ji Laminu, ya nuna Zailani. "Abin da na faɗa jiya kuskure ne. Shatar da na gani a Assaga ta jirgin da nake ciki ce. Da jirgin Abba aka ɗauki injin."

Samari suka zabura. Bulama ya daka musu tsawa.

"Jirgin na ce, ban ce Abba ba. Jirgi a bakin gari yake kwana, kowa na iya kwance shi. Ku saurara. Mutumin nan sau biyu ya zo. Zuwan farko ya tarar da Ilyasu na barci, ya ɗauki injin ya tafi. Zuwa na biyu ya hau gaɓa da nauyi a kafaɗa. Ilyasu ya gaya mana tun jiya, muka ce kansa ya juye. Kawo shi ake yi. Mutumin nan maido da injin ya zo yi."

Laminu ya ci gaba.

"Ɓarawo ba ya maido da kaya. Wanda ya ara ba da sanin mai shi ba, shi ke maidowa kafin gari ya waye. Ilyasu ya farka, ya ga mutum, ya kama shi. Abin da ya faru ya faru. Mutumin ya tsorata, ya koma da injin a guje." Ya juya. "Abdulwahab, injinka na rumfar Ɗanlami yau kwana goma sha uku. Yanzu na fito daga gonarka. Wa ya shayar da ita?"

Abdulwahab ya buɗe baki. "Aro na yi."

"Wurin wa? Ga manoman garin nan duka a zaune. Wanda ya ara masa ya ɗaga hannu."

Ba hannun da ya tashi. Abdulwahab ya dubi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ya zo kan Ilyasu, wanda ya juyo da kai yana kallonsa kamar mai ƙoƙarin tuna mafarki. Nan ƙarfinsa ya ƙare. Ya kifa fuska a tafin hannu.

"Ban yi niyyar taɓa shi ba," ya ce. "Ya riƙe mini riga zai yi ihu, na ture shi, ya faɗa kan katakon. Na ɗauka ya mutu. Gonata ce ke ƙonewa ina kallo. Dare ɗaya kawai na ce."

"Ina injin?" in ji bulama.

"Na jefa shi a ruwa, gindin tsamiyar da ke bayan tsibirina."

Ya Kaltumi ta tako har tsakiyar zauren, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban maza.

"Abdulwahab, da ka aiko ko da ƙaramar ƴarka ce ta ce Ya Kaltumi a ara mana inji, kana tsammanin zan hana? Ƙanen uban ƴaƴana?" Ta matso kusa da shi. "Wannan duk na yafe. Amma kwana biyu kana zaune a nan kana ji ana cewa za a miƙa wannan mutumin, ka yi shiru?"

Bai ɗago ba.

*

Da hantsin washegari jandarmomi suka zo daga Diffa suka tafi da Abdulwahab, aka sa Ilyasu a motarsu zuwa asibiti. Abba ya nutsa gindin tsamiyar sau huɗu cikin ruwan sanyin nan kafin ya ɗaura wa injin igiya. Ɗanlami ya zo da kansa ya kwance shi, ya wanke, ya shanya. Kwana biyu bayan nan injin ya tashi.

Laminu na bakin gaɓa yana jiran amalanken da zai mai da shi gida, lokacin da ruwa ya fara gudu a gonar Ya Kaltumi. Zailani ne ya ja igiyar injin. Tun da aka sake shi ba wanda ya je ya ba shi haƙuri a cikin waɗanda suka buge shi. In sun hango shi sai su sauya hanya.

Ya Kaltumi ta tsaya tana kallon ruwan yana shiga fangali. Sai ta juyo wajen Zailani.

"Zailani, in mun gama nan, akwai gonar tsibiri. Matar Abdulwahab da yara shida ba su yi wa kowa laifi ba. Ba dole nake maka ba."

Zailani ya ci gaba da buɗe bakin fangali da fartanya, kamar bai ji ba. Ya buɗe ɗaya, ya toshe, ya buɗe na gaba. Laminu ya ga yadda ya dafe haƙarƙarinsa duk sa'ad da ya sunkuya.

"Zan shayar da ita, Ya Kaltumi," ya ce daga ƙarshe, bai ɗago kai ba. "Amma ba yau ba. Yau ban iya ba."